Ranar Da Aka Sauke Janar

Auta yana naɗe bel ɗin ɗaga kaya a bayan motar ƙugiya sai wayarsa ta yi ƙara. Yayarsa ce. Ko gaisawa ba su gama ba ta ce masa Baba ya fita.

"Ya fita zuwa ina?"

"Kai ma ka sani. Tun da sassafe ya sa ni goge masa tsohon kakin nan, ya maƙala lambobinsa a ƙirji, ya ɗauki sandarsa. Na yi maganar duniya, ko juyowa bai yi ba. In kana da hali ka leƙa shataletalen ka dubo mana shi."

Auta ya ce to, zai leƙa. Bai gaya mata cewa can ɗin ma za shi ba, kuma shi aka ba aikin sauke mutum-mutumin Janar. Direbobin ƙugiya biyu ne a kamfaninsu, ɗayan da ya ji abin da za a ɗaga sai ciwon baya ya taso masa. Da Injiniyan kamfanin ya juyo ya dubi Auta, sai Auta ya karɓi aikin. Matarsa kaɗai ya gaya wa. Tana wanke-wanke ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, za ta kawo Inna, mahaifiyarta, ta gani.

Ya hau mota ya bi bayan tirela, suka fita daga gareji a hankali, masu babura suna ratsa su hagu da dama.

Tun Auta bai san kansa ba Janar yake tsaye a tsakiyar shataletalen nan, mutum-mutumin tagulla a kan dandamalin dutse mai tsayin ɗaki, hannun hagu a ƙugu, na dama yana nuna gabas. An kafa shi bayan yaƙi, a shekarar da mai shi ya karɓi mulki. An yi fareti ranar, 'yan makaranta suka jeru da tutoci. Daga baya mulkin ya yi tsami. Aka rufe jaridu, aka kulle mutane, aka yi wa ma'aikatan masaƙa abin da aka yi musu. Shi Janar ɗin ya mutu tuntuni a wani asibiti a ƙasar waje, amma tagullar ta zauna daram. An sha watsa mata jan fenti, hukuma ta sha wankewa. Wani ɓarawo ya taɓa yanke takobin ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe. Kowace gwamnati in za ta hau sai ta ce za ta sauke shi, in ta zauna sai ta manta. Mutanen gari kuwa sun saba da shi yadda mutum yake sabawa da tabo a fuskarsa. Da shi ake kwatance. Direbobin tasi suna cewa shi kaɗai ne mai kaki a garin nan da yake ba da hannu kullum bai taɓa tambayar kowa takardun mota ba. A bana majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a. A rediyo an ce don girmama waɗanda aka zalunta ne. A gareji kowa ya san titin za a faɗaɗa, Janar kuma yana kan hanya.

A gidan su Auta ba a wasa da sunan Janar. Baba kofur ne a yaƙin. A wani ja da baya da suka yi a bakin kogi harsashi ya same shi a cinya, aka bar su da yawa kwance cikin ciyawa. Janar, a lokacin yana kanar, shi ya tsaya a kan gada ya ce ba za a fasa ta ba sai an koma an kwaso masu rauni, ya tura motarsa ta kansa. Baba ya ba da labarin nan har 'ya'yansa suka haddace shi. In ya zo ƙarshe yakan nuna Auta da baki ya ce ba don motar nan ba da wannan mai ƙaton kan bai zo duniya ba.

A gidan su matarsa kuma ba a ambaton sunan sam. Mahaifinta ma'aikacin masaƙa ne. Ranar da masu yajin aiki suka taru a wannan shataletale, a ƙarƙashin hannun tagullar, aka turo sojoji. Tana goye a bayan Inna a lokacin. Ko gawar ba a ba su ba. Da maganar aure ta taso, manya suka zauna suka ce Kofur ya riga ya bar soja kafin wannan rana, kuma yara ba su da laifi. Aka ɗaura aure, aka haifi 'yan biyu, aka riƙe zumunci yadda ya kamata. Baba da Inna suna gaisawa duk inda sha'ani ya haɗa su, gaisuwa doguwa cikakkiya, wadda ba ta taɓa kaucewa daga lafiya da gajiya da yara ba.

Da suka isa, 'yan sanda sun riga sun rufe hanyoyin sun ja igiya. Jama'a sun fi yadda Auta ya zata. Ga ɗalibai da kwalaye a hannu, ga 'yan jarida sun kafa kyamarori, ga masu sayar da ruwan sanyi suna cin kasuwarsu. Can gefe, a ƙarƙashin wata bishiya, wasu tsofaffi ƙalilan cikin kakin da ya koɗe suna tsaye ba sa magana da kowa. Auta bai dubi wajen sosai ba. Ya gyara tsayuwar mota, ya sauke ƙafafunta huɗu a kan katako, ya zagaya yana dukan kowace da takalminsa. A saman dandamali masu walda sun fara yanke ƙusoshin da suka riƙe takalman Janar, tartsatsi yana zuba, tantabarun da suka mai da kafaɗunsa gida suna ta shawagi sun rasa wurin sauka.

Samarin da ke bakin igiya suka fara rera abu guda: a wuya, a wuya. Injiniya ya zo yana share gumi a ƙarƙashin hular kwano. Ya ce shi dai a sauke abin nan lafiya kafin rana ta take. Sarƙa a wuya ta fi sauri, ga shi kuma abin da jama'a suke so ke nan, amma Auta ne mai mota, ya duba ya gani.

Bai kai ga ba da amsa ba ya ji ƙarar sanda a kan kwalta. Baba ne. Ya ɗaga igiyar 'yan sanda ya shigo abinsa, ɗan sandan da ke wurin ya dubi furfurar da lambobin ya kau da kai. Kakin ya yi masa yawa yanzu, wuyan rigar yana lilo. Ya tsaya ya dubi motar tun daga tayoyi har ƙarshen hannunta, sannan ya dubi ɗansa.

Auta ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi.

"Kai ne?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba."

"Kai ka nema, ko ba ka aka yi?"

"Ba ni aka yi. Amma ban ƙi ba."

Baba ya daɗe yana kallon masu walda. Auta ya jira faɗa, ya jira a ce masa kada ya ƙara taka ƙofar gida. Da tsohon ya buɗe baki, muryarsa ƙasa-ƙasa ce, kamar mai roƙon alfarma a ofis.

"In dai dole ne, gara kai da wani. Abu ɗaya nake so. Kada ka sa masa sarƙa a wuya. Soja ne."

Ya juya ya koma wajen bishiyar, bai jira amsa ba.

Inna tana ɗaya ɓangaren, a inuwar wani kantin magani, mai kantin ya ba ta benci. Ta yafa farin mayafi, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa. Auta ya tsallaka ya durƙusa nesa kaɗan, ta amsa gaisuwarsa tana kallon gefe yadda ta saba, ta yi masa sannu da aiki, ta ce Allah ya sa a gama lafiya. Ba ta ƙara komai ba. Matarsa ce ta raka shi 'yan taku zuwa bakin igiya.

Ta ce ta ga Baba ya yi masa magana. Ya gaya mata abin da Baba ya roƙa. Ta tambaye shi me ya ce, ya ce bai ce komai ba tukuna.

"Baban 'yan biyu," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "ban taɓa roƙonka komai a kan maganar nan ba. Na zauna a gaban Baba na saurari labarin gada har ban san iyaka ba, ina murmushi, ina zuba masa shayi. Ni ko hoton ubana mai kyau ba ni da shi. Shi wa ya lallaɓa shi ranar? A nan wurin fa, inda motarka take." Ta gyara mayafinta. "Je ka, ana jiran ka."

Ya koma ya hau kujerarsa ya rufe ƙofa. Hayaniyar ta ragu. Ta gilashin dama yana hango bishiya da tsofaffin, ta na hagu yana hango kantin magani. Ya ɗora hannu a kan libar sarrafa ƙugiya bai ja ta ba. Ya yi shekaru yana ɗaga kwantena da janareto da motocin da suka faɗa rami, bai taɓa ɗaga abin da yake da fuska ba. Mai walda ya ɗago masa hannu daga sama, alamar ƙusa ta ƙarshe ta fita.

Auta ya sauko. Ya ce wa masu ɗauri su ajiye sarƙa, su zura faffaɗan bel ta ƙarƙashin hamata, su ƙara wani a ƙugu. Ga Injiniya kuma ya ce cikin tagullar rami ne, wuyan yana iya ɓallewa gangar jikin ta faɗo a kan mutane. Injiniya ya gyaɗa kai nan take. Maganar ba ƙarya ba ce, amma Auta ya san ba don ita ya yi ba. Da samarin suka ga inda ake zura bel sai suka yi ta ihu, wani ya kira shi ɗan koren sojoji, wani ya jefo robar ruwa ta bugi ƙofar motar. Bai waiwaya wajen kantin magani ba.

Ya ja liba a hankali. Bel ya miƙe, ya yi ƙara, ƙura da kashin tantabaru suka zubo. Sai ga haske tsakanin takalman Janar da dutsen. Tafi ya ɓarke, wasu mata suka rangaɗa guɗa. Da ya ɗaga shi sama sosai, nauyin ya sa mutum-mutumin ya fara juyawa da kansa, sannu-sannu, hannun nan da ya yi shekara da shekaru yana nuna gabas ya bi ta kan jama'a yana nuna su ɗaya bayan ɗaya: ɗalibai, 'yan jarida, 'yan sanda, masu ruwan sanyi. Duk inda yatsan ya biyo sai hayaniya ta lafa. Har wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai gurnanin inji.

A ƙarƙashin bishiya Baba ya jingine sandarsa, ya haɗa ƙafafu, ya sara wa Janar. Ya daɗe bai sauke hannun ba. Sauran tsofaffin suka bi shi.

Auta ya juyo da hannun motar zuwa tirela, inda aka shimfiɗa tsofaffin tayoyi. Masu ɗauri suka kama ƙafafun suka ja, shi kuma yana sassautawa kaɗan-kaɗan, har Janar ya kwanta rigingine, kansa a kan taya, yatsansa yana nuna sama. Ko ƙara bai yi ba. Wani ya jefa takalmi ya sami cikin tagullar, ta yi amo kamar tsohuwar ganga, mutane suka yi dariya. Daga nan taron ya fara watsewa. Shugaban majalisa yana jawabi a gaban kyamarori, amma yawancin mutane sun ga abin da suka zo gani.

Auta yana kwance bel ya ga Inna ta taso. Ita kaɗai, tana takawa a hankali, ta tsallaka titi har gindin tirela. Gadon tirelar ba shi da tsayi, fuskar tana daidai ƙirjinta. Ta tsaya tana kallo: hancin da ruwan sama ya yi wa kore, siririn gashin baki, kumatu sumul babu ko layi ɗaya. Baba ma ya iso ta ɗaya gefen, yana dogara sandarsa. Janar yana kwance a tsakaninsu.

"Ashe yaro ne," in ji Inna.

Ba da kowa take ba, amma Baba ya amsa. Ya ce lokacin da aka yi wannan bai kai arba'in ba.

"Ban taɓa ɗaga kai na dube shi ba," ta ce. "Duk shekarun nan a raina wani ƙaton dattijo nake gani. Ashe ko uban jikokina ya girme shi. Yaro ne ya yi mana wannan abu."

Baba ya buɗe baki. "Innar yara..."

"Bari, Kofur. Rana ta yi maka yawa, dubi yadda kake gumi. A samo masa ruwa."

Auta ya kawo ruwa daga mota, Baba ya sha, ya yi godiya. Inna ta ƙara duban fuskar sau ɗaya, ta ja mayafinta ta koma. 'Yarta tana nan inda take a bakin kantin, ta juya wa titi baya, tana karanta kwalayen magani ta gilashi kamar akwai wanda take nema.

Baba ya ce zai raka Janar. Ba wanda ya yi musu. Auta ya tallafa masa ya hau gaban motar, suka bi tirela a hankali ta cikin gari. Mutane suna fitowa daga shaguna suna ɗaukar hoto da waya, yara suna bin su da gudu. Suka yi nisa a haka. Sai a wata danja Baba ya yi magana, idonsa a kan takalman tagullar da suke leƙowa ta bayan tirela.

"Na san abin da aka yi wa 'yan masaƙa. Ban taɓa cewa ba a yi ba. Amma ni a bakin kogi na san shi. Sauran ban san yadda zan yi da shi ba."

Auta ya ce, "Na sani, Baba." Danja ta ba da hannu, suka wuce.

A filin ajiyar hukuma aka sauke shi, tsakanin matattun motocin shara da turakun fitilar titi da suka lanƙwashe. Baba ya tambayi mai gadi ko akwai tamfol. Mai gadi ya duba ɗakinsa ya dawo da wani tsohon ƙyallen tallan sabulu, ya ce iyakar abin da ke akwai ke nan. Baba ya dubi hoton matar da ke dariya a jiki, ya ɗan yi tsaki, sannan ya ce a rufa hakanan, ya fi rana. Auta ya tare masa tasi, ya gaya wa direba kwatancen gida. Direban ya ce, wato bayan Janar? Sai kuma ya kama bakinsa.

Rana ta yi sanyi lokacin da Auta ya mai da mota gareji ya isa gida. 'Yan biyu suka tarye shi a ƙofa suna rige-rigen ba shi labari, wai an nuno motarsa a talabijin, an ga hannunsa ta taga. Uwarsu ta ce su je su ƙarasa aikin makaranta. Ta kai masa ruwan wanka, da ya fito ya tarar ta ajiye abinci a kan tebur. Ta ce ta kai Inna gida, ta bar ta tana barci, barcin rana da ba ta saba yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana goge hannu da tsumma.

"Na ga yadda ka kwantar da shi," ta ce. "Ko 'yan biyu suna jarirai ba ka taɓa kwantar da su a hankali haka ba."

Ya fara yi mata bayanin wuyan da ramin da ke ciki.

"Wannan kam Injiniya za ka gaya wa, ba ni ba."

Ya bar bayanin. Can ya ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ta ce ya yi laifi ba, uba uba ne, da nata yana raye ita ma abin da zai roƙa za ta yi. Amma ba ta ce ta huce ba. Ta ninke tsumman, ta warware, ta sake ninkewa. Daga ɗaki ana jin yaran suna gardama a kan fensir.

"Ni ban je na duba ba," ta ce. "Na so in bi Inna, ƙafata ta ƙi." Ta ɗago ta dube shi. "Ranar hutunka ka kai ni inda kuka ajiye shi. Ba da Inna ba, ba da yara ba. Ka yi wa mai gadin magana, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa."

"Me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Wataƙila kallo kawai." Ta juya za ta shiga kicin, sai ta tsaya. "In kuma ka ji ina magana da ƙarfi, kada ka shigo."

Auta ya ce to.